Alkyabbar Sarki da Tsutsar Ƙuduji

Ke, sauke hannun nan! Na ce sauke. Me ta ci miki da za ki tafe ta? Kuma har kina da bakin tambayata dalili. Mu da muka taso, idan babba ya ce bari, bari ake yi, ba a tsayawa ana cewa don me. Ku kuwa an haife ku da tambaya a baki sai ka ce alƙalai. Wannan 'yar faɗa-wutar da ke zagaya fitila, wadda ba ta kai ƙumbar yatsanki ba, ta fi ki aikin yi. Ku matso, ku tanƙwashe ƙafa. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya katse ni kuma ya ja wa kowa.

An ce wani sarki aka yi a wata ƙasa ta jigawa, ƙasar gero da dawa. Sarkin nan ba mugu ba ne, ba kuma wawa ba. Ciwonsa guda ne, bai iya jira ba. Idan ya yi tambaya yana son amsa kafin ya rufe baki, idan ya yi fushi yana son a nuna masa mai laifi kafin fushin ya huce.

A bayan birnin sarkin akwai wani tsohon manomi ana ce masa Barmo, shi da matarsa Tabawa. 'Ya'yansu mata ne, duk sun yi aure nesa. Abin da ya rage musu a duniya shi ne gona guda, wadda kakan Barmo ya sare da hannunsa. Ba babba ba ce, amma ba ta taɓa barin rumbunsu wayam ba.

Manoman ƙasar suna da wata al'ada. Kowa yakan bar faɗin taku uku a bakin gonarsa, ba ya nomewa, ba ya ƙonewa. Nan tafasa ke fitowa da furenta rawaya, da gasaya, da karkashin daji, da yaɗiya mai hawa kan kowa. Suna ce wa wurin masaukin baƙi. Yawancinsu gado suka yi, ba su san dalili ba. Barmo ya sani, domin shi mutum ne mai durƙusawa ya duba. Ya ga cewa 'yar faɗa-wuta mai ruwan toka a nan take zama, a nan tsutsarta ke cin furen daji tana jira. Da ƙuduji ya ɓullo a cikin gero sai ta ƙaura kansa. Kun dai san ƙuduji, ciyawar nan mai jan fure da ke kama saiwar hatsi ta tsotse shi. Tsutsar takan shiga cikin ƙwanson irinsa ta cinye tun bai nuna ba. Saboda haka idan Barmo na cirar ƙuduji, sai ya duba kowane kara. Wanda ya ga da 'yar huda a ƙwansonsa, ya bar shi tsaye. Maƙwabta na dariya, suna cewa tsufa ya sa yana yi wa ciyawa alfarma.

To, shi sarki yana da wata alkyabba ta jan mulufi da ya gada daga kakansa. Ba a sa ta sai sau ɗaya a shekara, ranar da ake kawo sabon gero fada. Tana cikin adaka, mabuɗin yana hannun Waziri. Aikin Waziri ne duk wata ya fito da ita, a shanya ta a rana, a kaɗe, a sa mata saiwar jema mai ƙamshi don korar ƙwari. Waziri ya yi wata tara bai buɗe adakar ba. Ranar da aka ɗago alkyabbar a gaban sarki, hasken rana na ratsa ta kamar rariya. Asu ya gama da ita. Kowace mace mai adaka ta san asu, a duhu yake haihuwa, a cikin tufa yake girma, bai san hanyar gona ba. Amma wa ya tambayi mata?

Sarki ya ce, "Wa ya yi wannan?"

Ana cikin haka sai wata 'yar faɗa-wuta ta shigo ta taga, ta sauka a kan alkyabbar don ta huta. Waziri ya nuna ta da yatsa ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, ga ɓarauniyar ta dawo ta ga aikinta. Daga bakin gonaki suke tasowa, inda talakawa ke barin ciyawa saboda lalaci."

Kafin la'asar mai shela ya zaga gari da ƙauyuka. A ƙone bakin kowace gona. A hura wuta a gonaki da magariba har damina ta wuce, don ƙwarin su faɗa ciki. Kowace unguwa kuma ta kawo ƙwarya cike da gawarsu.

Hayaƙi ya tashi gabas da yamma. Bakin gonar Barmo kaɗai ya rage kore.

Tabawa ta tsaya a kansa yana gyara ƙotar fartanya, ta ce, "Maigida, kowa ya ƙone nasa."

Ya ce, "Na gani."

"Taku uku ne fa na ciyawa. Ka ƙone mu zauna lafiya."

"Idan na ƙone, bana za mu zauna lafiya. Baɗi fa?"

Ta ce, "Baɗi ta Allah ce. Dogarai kuwa na sarki ne, kuma sun fi baɗi kusa."

Gaskiyarta. Washegari da hantsi suka zo suka tasa shi gaba har fada.

Barmo ya faɗi ya yi gaisuwa. Sarki ya dube shi ya ce, "Tsoho, shela ba ta iso kunnenka ba?"

"Ta iso, ya sarki."

"To me ya hana ka?"

"Ina da 'yan ƙwadago a wurin, ya sarki. Ba a ƙone wa ma'aikaci ɗaki ana tsakiyar aiki."

Sarki yana son magana mai ƙulli, sai ya gyara zama. Ya ce, "Su nawa ne?"

"Ban taɓa sanin yawansu ba. Ba su cin tuwona, ba su shan furata. Maƙiyina suke ci."

"Wane ne maƙiyin naka?"

"Wanda ya fi kowa ado a gona, ya kuma fi kowa sata. Yakan yi wata biyu yana sata a ƙarƙashin ƙasa kafin ya fito ya nuna kyakkyawar fuskarsa."

Sarki ya ce, "Ƙuduji."

"Allah ya ƙara wa sarki basira." Sai Barmo ya warware masa zancen duka, na masaukin baƙi, da tsutsa, da 'yar hudar da ke jikin ƙwanso. Ya ce, "Ya sarki, mai cin tufa daban, mai cin fure daban. Sun yi kama a ido, amma ba gidansu ɗaya ba. Kada sarki ya yarda da bakina. A kawo tukwane biyu. A sa ƙyallen alkyabba a ɗaya, a sa furen ƙuduji a ɗaya, a zuba tsutsar gonata a kowacce, a rufe. Bayan kwana bakwai a buɗe. Idan ta taɓa zare ɗaya, ni da kaina zan cinna wa bakin gonar wuta."

Barmo ya ga maganar ta shiga, domin sarki ya kai hannu ga gemunsa. Waziri ma ya gani. Sai ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, watau sarkin ƙasa zai jingine hukuncinsa ya zauna gadin tsutsa kwana bakwai? Me sarakunan maƙwabta za su ce?"

Fadawa suka kwashe da dariya. Dariyar nan ita ta yanke shari'ar, ba sarki ba. Fuskarsa ta ɗaure, ya ce, "Tsoho, na ji ka, kana da baki. Amma na riga na yi magana. Tunda ciyawa da tsutsa kake so, je ka kan dutsen yamma ka zauna da su, can ba mai ƙonewa. Gonarka kuwa ta zama ta Waziri."

Barmo ya buɗe baki, dogari ya dafa masa kafaɗa. Shi ke nan.

Aka ba su yini guda su kwashe kaya. Tabawa na ɗaure tukwane da tabarmi tana share ido da gefen zane, sai ta hango shi a bakin gona da ƙwarya, yana yankar karan fure yana jerawa a hankali.

Ta ce, "Mutane in an kore su hatsi suke ɗauka. Kai tsutsa kake ɗauka?"

Ya ce, "Su ma an kore su."

Amma ita ta cire ɗankwalinta ta rufe ƙwaryar don kada rana ta dake su. Suna tafe, hayaƙin bakin gonarsu na tashi a bayansu. Barmo bai waiwaya ba. Tabawa ta waiwaya har sau uku.

Kan dutsen nan ba wurin zaman mutum ba ne. Ƙasar noma sai ka bi tsakanin duwatsu kana tarawa da tafin hannu. Ruwa yana can ƙasa, a hau da shi a ka. Barmo ya shuka gero a 'yan loko-loko, ya bar masaukin baƙi ko da yake duk dutsen ma masauki ne. Abin da suke samu ba ya kashe yunwa, yana dai hana ta kashe su.

A rani na biyu tari ya kama Tabawa. Hawan dutse da tulu ba aikin tsohuwa ba ne. Ranar da jikin ya yi nauyi ta ce masa, "Maigida, ka san abin da nake marmari? Furar geron gonarmu. Na wajen gindin gawon nan, ya fi zaƙi."

Ya ce, "Za ki sha."

Ta ce, "Kai ma ka fara ƙarya? Da tsufanka?" Ta yi dariya, tarin ya sarƙe ta. Da ya lafa ta ce, "Ko ba ni, ka koma wa gonar nan. Kada ta mutu a hannun mutumin nan."

Mutanen ƙauyen gindin dutse suka hau suka taya shi yi mata sutura. Ƙasar kabarin ma sai da aka haɗa da duwatsu.

A can ƙasa kuwa, shekarar farko gero ya yi kyau, Waziri na ta kuri a fada. Shekara ta biyu aka ga jan fure jefi-jefi fiye da yadda aka saba. Ta uku, gonaki suka yi jawur kamar an shimfiɗa darduma, geron ya tsaya iya gwiwa, ya yi rawaya, ya ƙi fid da kai. Ta huɗu rumbuna suka zama ɗakin ɓeraye, ɓerayen ma suka gudu. Da can idan hatsi ya yanke, mata kan je bakin gona su tsinko tafasa da yaɗiya su yi kwaɗo a riƙe ciki. Yanzu ina? An ƙone. Ku da kuke ture tuwo don miya ba ta yi muku ba, ba ku san abin da nake faɗa ba. An haƙa gidan tururuwa a ƙasar nan ana neman hatsi.

Sarki ya sa an ɗinka masa sabuwar alkyabba tun shekarar farko, ya kuma mayar da mabuɗin hannun Waziri. A shekara ta huɗu, ko da yake ba sabon geron da za a kawo, ya ce a fito da ita. Aka buɗe adaka, aka ɗago. Rana ta ratsa ta kamar rariya.

Sarki ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Waziri, yaushe rabon da a kawo ƙwaryar ƙwari fada?"

"Shekara biyu, ranka ya daɗe. Sun ƙare ƙaf, ko ɗaya ba a gani."

"Sun ƙare."

"Sun ƙare, ranka ya daɗe."

"To wa ya ci wannan?"

Waziri bai sami taga da zai nuna ba a wannan karon.

Kwana biyu bayan haka Barmo na durƙushe cikin geronsa sai ya ji takun mutane. Ya ɗaga kai ya ga sarki a tsaye, ya bar doki a ƙasa, ya hawo da ƙafa, yana haki. Idon sarki na kan geron, kore shar, da kai cike, ga ƙuduji tsilli-tsilli duk da huda a ƙwanso.

Barmo ya yi gaisuwa yadda ta kamata, bai ƙara ba, bai rage ba.

Sarki ya ce, "Baba, na zo ne in ce ka yi gaskiya."

Barmo ya ce, "Ya sarki, da me ka sani?"

"Ga geronka, ga na ƙasata."

"Wannan ba shaida ba ce. Wataƙila iskar dutse ce. Wataƙila ni maye ne. Wancan karon ka gaskata Waziri ba ka duba ba, yanzu kuma za ka gaskata ni ba ka duba ba. Ciwon bai warke ba ke nan, ya dai sauya gefe. Ka zo da alkyabbar?"

An zo da ita. Barmo ya yagi ƙyalle, ya ɗauko tukwane biyu cikin na Tabawa. Ya sa ƙyallen a ɗaya, furen ƙuduji a ɗaya, ya zuba tsutsa a kowacce, ya rufe da faifai. Ya ce, "Kwana bakwai, ya sarki."

Sarki ya zauna. Mutumin da bai taɓa jiran ruwan alwala ya huce ba, ya zauna a kan dutse yana gadin tsutsa. Ya ci kwaɗon yaɗiya, ya sha ruwan da aka hawo da shi a ka. A rana ta uku ya kai hannu zai ɗaga faifai, Barmo ya ce, "Da saura." A rana ta huɗu ya ga tarin duwatsu a gefen bukka, ya tambaya. Barmo ya ce, "Matata ce. Tabawa sunanta. Ita ta ce in ƙone mu zauna lafiya." Sarki ya koma gadin tukwanensa har kwanakin suka cika.

Aka buɗe. A tukunyar fure, tsutsotsi sun yi ɓul-ɓul, ƙwanson ƙuduji duk ya zama fanko. A tukunyar ƙyalle sun mutu da yunwa, sun ƙanƙance, ga mulufin ko zare ɗaya ba su taɓa ba.

Barmo ya ce, "Ga waɗanda ka yi shekara huɗu kana yaƙi da su. Sun gwammace su mutu da su ci rigarka."

Sarki ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Na mayar maka da gonarka, Baba."

"To mu je ka ga abin da ka mayar mini. Amma ba za mu je hannu sake ba." Ya yanko karan fure masu tsutsa, ya cika ƙwarya, ya rufe da tsohon ɗankwalin nan. Ya ce, "Hannuna na rawa yanzu. Doki kuma girgiza su zai yi su zube."

Dogarai suka miƙo hannu. Sarki ya ce su ja da baya. Shi ya ɗauka. Yini guda yana tafe a ƙasa da ƙwarya a hannu biyu, ta cikin ƙauyukan da suka riƙa aiko masa da ƙwarya cike da gawa. Mutane suka fito bakin hanya, ƙasusuwan wuya a waje. Ba wanda ya yi guɗa, ba wanda ya yi dariya. Kallo kawai.

Suka iso gonar da yamma. Ja ce daga wannan iyaka zuwa waccan, har gindin gawo. Barmo ya tsaya ya daɗe. Sa'an nan ya tsinki ƙwanso ɗaya busasshe, ya murje shi a tafin sarki. Wani baƙin gari ya zuba, lallausa kamar kwalli.

Ya ce, "Wannan duk iri ne, ya sarki, na ƙwanso ɗaya. Shekara huɗu yana zuba ba mai ci. Kowace ƙwaya tana iya kwanciya a ƙasa shekara ashirin tana jiran saiwar gero. Ni kuwa na haura saba'in. Ƙasa ka mayar mini. Gonar ta riga ta bi Tabawa."

Idon sarki ya kaɗa ya yi ja. Ya juya ga dogarai ya ce, "A kawo mini Waziri. Kafin rana ta faɗi a fille masa kai a nan wurin."

Barmo ya ce, "Ga shi kuma. Kafin rana ta faɗi."

Sarki ya tsaya cak.

"Waziri ya yi ƙarya, ya sarki, kuma ya ci gonata, ba ni da dalilin son sa. Amma ya yi ƙaryar ne don ya san a fadarka wanda ya riga nuna yatsa shi ke tsira. Wa ya koya masa haka? Ka tsare shi, ka bincika, ka yanke masa abin da ya dace da shi. Ka ba shi kwana bakwan da ka hana ni."

Sarki ya ajiye ƙwaryar a bakin gona, a kan toka. Ya durƙusa da kansa ya yaye ɗankwalin. Daga ranar ya kafa doka cewa ba a zartar da hukunci a ƙasarsa sai ya kwana bakwai, kuma duk wanda ya ƙone bakin gona shi ne mai laifi. An ce har ya mutu, duk alƙalin da zai naɗa sai ya gaya masa magana guda: "Hukuncin da sarki ya ƙi jira masa kwana bakwai, talaka ne zai jira gyaransa shekara ashirin."

Barmo ya yi damina uku yana cirar ƙuduji a gonar nan, yana duba kowane kara, yana barin mai huda. Ya rasu bai sha furar geronta ba. Wasu ne can daga baya suka sha, waɗanda ko sunansa ba su sani ba.

Mene ne kuke zumɓura baki? Wa ya yi muku alkawarin ƙarshe mai daɗi? Sarki ya yi hankali, ai kun ji. Hankalinsa dai bai tono kowa daga ƙarƙashin duwatsu ba.

Ku tashi ku ba ni wuri, kowa ya nemi tabarmarsa. Ke kuma mai saurin hannu, hure fitilar nan kafin baiwar Allah ta faɗa ciki.